Binciken Cututtukan Ciki da Hanta: Abin da Ake Aunawa da Waɗanda Ake Gwadawa

Hanji da hanta maƙwabtan juna ne, aikinsu kuma a sarƙe yake, domin kusan duk abin da hanji ya tsotsa daga abinci sai ya bi ta wata babbar jijiyar jini ya shiga hanta kafin ya isa sauran jiki. Sai dai idan cuta ta kama su, halinsu ya sha bamban ƙwarai. Ciki da hanji suna da yawan ƙorafi, amma ƙorafin nasu ba ya fayyace komai, domin ciwon ciki, ƙwannafi, kumburi, gudawa da amai duk suna iya fitowa daga matsalar da za ta wuce cikin kwana biyu, suna kuma iya zama mafarin sankara. Ita kuwa hanta shiru take yi. Mutum yana iya shekara ashirin ko talatin tana lalacewa a hankali bai ji komai ba, sai ranar da shawara ta bayyana a idonsa, ko cikinsa ya tara ruwa, ko ya yi aman jini, a lokacin kuwa galibi ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Wannan ne ya sa binciken da likitoci ke yi a kan marasa lafiya a wannan fanni yake tafiya a kan tambayoyi biyu. Ta farko ita ce yadda za a gano abin da ke faruwa a gaɓar da ido ba ya gani ba tare da an tsaga mutum ba. Ta biyu kuma ita ce yadda za a tabbatar cewa maganin da aka bayar shi ne ya kawo sauƙin, tunda yawancin cututtukan ciki suna lafawa su kuma tashi da kansu, na hanta kuma ba a ganin ƙarshensu sai bayan shekaru masu yawa. Tambaya ta biyu ta fi wuya fiye da yadda mutane ke zato, kuma tarihin fannin ya nuna hakan a fili.

A shekarar 1962, wani fitaccen likitan tiyata na Jami'ar Minnesota a Amurka, Owen Wangensteen, ya gabatar da wata hanya ta warkar da gyambon ciki. Majinyaci zai haɗiye wata 'yar jakar roba, sannan a riƙa zagaya ruwa mai tsananin sanyi a cikinta har bangon ciki ya yi ƙanƙara, da nufin rage ruwan tsamin da ciki ke fitarwa. Marasa lafiyar farko sun ce sun sami sauƙi sosai, labari ya bazu, asibitoci suka sayi na'urar, aka yi wa dubban mutane wannan aiki. Sai a 1969 aka buga sakamakon gwajin da aka tsara yadda ya kamata. An ɗauki marasa lafiya 160 aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka daskarar da cikin rukuni ɗaya, ɗaya rukunin kuma aka sa musu jakar aka yi duk abin da ake yi amma ba a daskarar da komai ba, kuma babu wanda ya san rukunin da ya faɗa. Da aka bi su na tsawon lokaci, ba a ga wani bambanci ba. Sauƙin da ake gani tun farko na gaske ne, amma lafawar ciwon ce da kansa haɗe da kyakkyawan zaton majinyaci.

Daga irin wannan darasi ne ƙa'idojin gwajin magani suka samo ƙarfinsu. Ana raba mutane ta ƙuri'a ne don kada likita, ko da bai yi niyya ba, ya tura masu ƙarfin jiki ɓangaren sabon magani. Ana ba rukunin kwatance ƙwayar da ta yi kama da maganin amma babu sinadarinsa a ciki, ko kuma maganin da aka saba bayarwa, don a san abin da zai faru ko da ba a kawo sabon ba. Ana ɓoye wa majinyaci da mai duba shi wanda ya sami wane, domin zuciya tana karkata ga abin da take fata. A cututtukan hanji wannan mataki ya zama dole fiye da sauran fannoni, saboda a gwaje-gwajen ciwon nan mai sa murɗar ciki da rikicewar bayan gida ba tare da an ga wani rauni a hanji ba, ba abin mamaki ba ne a ga kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka sha ƙwayar wofi sun ce sun ji sauƙi.

Gyambon cikin da Wangensteen ya kasa magancewa shi ne ya zama labarin da aka fi bayarwa a fannin. Abin da ya buɗe hanya shi ne samun damar leƙa cikin mutum yana raye. A 1957, Basil Hirschowitz da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka haɗa bututu mai lanƙwasa wanda ke ɗauke da haske da hoto ta zaren gilashi, shi ne kuma ya fara haɗiye shi kafin ya gwada a kan majinyaci. Wannan na'ura ta endoskofi ta ba likita damar ganin gyambon da idonsa, ya kuma gutsuro ɗan naman bangon ciki a duba a madubin likita. A 1976 aka fito da cimetidine, daga baya omeprazole a ƙarshen shekarun 1980, magunguna masu rage ruwan tsami waɗanda suke warkar da gyambon cikin 'yan makonni. Matsalar ita ce da zarar an daina sha, yawancin mutane gyambonsu yana dawowa cikin shekara guda.

A birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren, likita mai duba naman da aka gutsuro, ya lura tun 1979 da wasu ƙwayoyin bakteriya masu lanƙwasa a bangon cikin marasa lafiya, a lokacin da ake koyar da cewa babu ƙwayar da za ta rayu a cikin wannan tsami. Shi da wani matashin likita, Barry Marshall, suka yi nasarar raya ƙwayar a ɗakin gwaji a 1982, wadda a yau ake kira Helicobacter pylori. Kowa yana son labarin yadda Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984 har bangon cikinsa ya kumbura, amma a gaskiya wannan bajinta ba ta isa hujja ba, domin mutum ɗaya ne, kuma gyambo bai fito masa ba. Abin da ya sauya ra'ayin likitoci shi ne gwaje-gwajen kwatance da suka biyo baya. A wanda Marshall da abokansa suka buga a 1988 a kan mutum 100, cikin waɗanda aka kashe wa ƙwayar kashi 21 cikin ɗari ne kawai gyambonsu ya dawo cikin shekara, alhali cikin waɗanda ƙwayar ta ci gaba da zama a cikinsu kashi 84 ne. A 1994 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta amince a riƙa ba masu gyambo maganin kashe ƙwayar, a shekarar ce kuma cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Warren da Marshall sun karɓi lambar yabo ta Nobel a 2005.

Maganar ba ta ƙare a nan ba. Sama da kashi 40 cikin ɗari na mutanen duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya, yawancinsu kuma ba za su taɓa yin gyambo ba, sannan akwai gyambon da magungunan kashe zafi irin su aspirin, ibuprofen da diclofenac ke haddasawa ba tare da ƙwayar ba. Hanyar gano ta ma tana da tarko. Gwajin jini yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ita ne kawai, ba ya bambanta wanda ke ɗauke da ita yanzu da wanda ya warke, shi ya sa gwajin numfashi da na bayan gida suka fi shi amfani. Su kuma waɗannan suna iya cewa babu alhali akwai, idan mutum yana shan maganin rage tsami a makonni biyun da suka gabata, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a makonni huɗu. Babban abin da masu bincike ke fama da shi yanzu shi ne bijirewar ƙwayar ga clarithromycin, ɗaya daga magungunan da ake kashe ta da su, har ta kai ga shawarar ƙwararru ita ce inda bijirewar ta wuce kashi 15 cikin ɗari a bar tsohon haɗin magani uku a koma haɗin huɗu mai ɗauke da bismuth na kwana 14. Ma'ana dai, maganin da gwaji ya tabbatar da shi a wata ƙasa shekaru ashirin da suka wuce yana iya gazawa a wata ƙasar a yau.

Shi kansa gwajin gano cuta sai an gwada shi, kuma abu biyu ake dubawa: cikin masu cutar nawa yake kamawa, cikin marasa cutar kuma nawa yake wankewa. Mu ɗauka, a matsayin lissafi kawai, akwai gwajin da yake daidai sau 90 cikin 100 a kowane ɓangare, aka yi wa mutum 1,000 waɗanda 10 ne kawai cikinsu ke da cutar. Zai kama 9 daga cikin 10 ɗin, zai kuma yi wa 99 daga cikin lafiyayyu 990 ƙazafi. Ke nan cikin mutum 108 da aka ce suna da cutar, 9 ne kaɗai ke da ita. Wannan lissafi shi ne dalilin da ya sa gwajin da ya yi kyau a babban asibitin ƙwararru, inda yawancin masu zuwa marasa lafiya ne, yakan ba da kunya idan aka kai shi cikin jama'a.

A ɓangaren hanta akwai ƙarin wata wahala, wato ma'aunin da ake auna sauran gwaje-gwaje da shi, shi ma yana da tawaya. Abin da ke nuna makomar mai ciwon hanta shi ne yawan tabon da ya taru a cikinta, domin duk lokacin da hanta ta daɗe tana kumbura, nama mai tauri yana maye gurbin mai aiki, har ta motse ta kasa tace jini. Tun bayan da likitan Italiya Giorgio Menghini ya sauƙaƙa hanyar a 1958, soka allura a gutsuro ɗan naman hanta shi ne hanyar da aka fi amincewa da ita. Amma abin da allurar ke ɗaukowa bai wuce kashi ɗaya cikin 50,000 na hantar ba, tabon kuma ba ya bazuwa daidai ko'ina, kamar dai mutum ya ɗebi tafi ɗaya daga buhu ya yanke hukunci a kan buhun duka. An sha samun cewa nama biyu daga hanta ɗaya sun ba da mataki daban, ko ƙwararru biyu sun duba nama ɗaya sun saɓa, ga kuma haɗarin zubar jini ko da ba shi da yawa.

Saboda haka aka shiga neman hanyoyin da ba sa buƙatar allura. A farkon shekarun 2000 aka fito da FibroScan daga Faransa, na'urar da ke aika ɗan girgiza ta tsakanin haƙarƙari ta auna saurin tafiyarsa, tunda yana tafiya da sauri a hanta mai tauri. Akwai kuma lissafi masu arha daga gwajin jini na yau da kullum, irin su APRI, wanda ke haɗa sinadarin AST, da ke hauhawa a jini idan hanta na lalacewa, da yawan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, da FIB-4, wanda ke ƙara shekarun mutum da wani sinadarin hantar mai suna ALT. Ƙarfinsu ya fi yawa wajen tabbatar da cewa tabon bai yi nisa ba, sun fi rauni wajen tantance matakan tsakiya. Na'urar ma tana iya ƙara gishiri idan hantar tana cikin kumburi mai tsanani ko mutum bai daɗe da cin abinci ba.

Inda bincike ya yi nasarar da babu jayayya a kanta shi ne ciwon hanta nau'in C. A shekarun 1970 Harvey Alter ya nuna cewa yawancin waɗanda ke kamuwa da ciwon hanta bayan ƙarin jini, ba nau'in A ko B ke damun su ba. Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano ƙwayar a 1989, Charles Rice kuma ya tabbatar cewa ita kaɗai ta isa ta haddasa cutar, su ukun suka raba lambar Nobel ta 2020. Tsohon magani, allurar interferon tare da ribavirin, yana ɗaukar makonni 48 ga nau'in da ya fi taurin kai, yana jigata mutum da zazzaɓi da kasala da damuwa, kuma kusan rabi kawai yake warkarwa. A ƙarshen 2013 aka amince da sofosbuvir a Amurka, sauran magunguna masu kai wa ƙwayar hari kai tsaye suka biyo baya, yanzu ƙwayoyin sha na makonni 8 zuwa 12 suna warkar da sama da kashi 95 cikin ɗari.

Abin lura a nan shi ne abin da aka auna. Ba a jira shekara ashirin a ƙirga waɗanda suka mutu ba, an duba ko ƙwayar ta ɓace daga jini makonni 12 bayan gama magani. Wannan alama ta cancanci a amince da ita, domin an san sanadin cutar sarai, kuma bin diddigin dubban mutane ya nuna cewa waɗanda ƙwayar ta ɓace musu sun fi sauran tsira daga sankarar hanta da mutuwa. Duk da haka, wanda hantarsa ta riga ta motse sai ya ci gaba da yin hoton ciki duk wata shida, domin haɗarin sankara yana raguwa ne, ba ya gushewa. Farashin farko na sofosbuvir a Amurka dala 84,000 ne na makonni 12, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a duniya. Masar, wadda cutar ta yaɗu a cikinta ta hanyar allurai marasa tsabta a lokacin yaƙi da tsargiya a ƙarnin da ya gabata, ta sarrafa maganin a gida da arha, ta gwada kusan mutum miliyan 50 cikin 'yan watanni daga 2018, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar matakin zinare a kan hanyar kawar da cutar, ita ce ƙasa ta farko da ta samu.

Idan aka koma ga kitsen hanta, wanda ke tafiya da ƙiba da ciwon sukari kuma ake ƙiyasta yana jikin kusan kashi 30 cikin ɗari na manya a duniya, sai a ga alamar da ake aunawa ba ta da irin wancan ƙarfi. Babu ƙwaya ɗaya da za a kashe, yawancin masu kitsen ba za su taɓa kai wa ga motsewar hanta ba, kuma ciwon zuciya ne ya fi kashe su. Magunguna da dama sun faɗi a gwaji kafin a amince da resmetirom a watan Maris na 2024. A gwajin da aka dogara da shi, wanda ya ƙunshi mutum 966, kumburin ya lafa a kashi 26 zuwa 30 cikin ɗari na masu shan maganin bayan shekara guda, idan aka kwatanta da kashi 10 na masu ƙwayar wofi, tabon kuma ya ragu a kashi 24 zuwa 26 idan aka kwatanta da 14. Bambanci ne na gaske, amma ya kamata a karanta shi da natsuwa. Kusan uku cikin huɗu ba su sami abin da ake nema ba, kuma abin da aka auna shi ne yadda naman ya kasance a madubi, da waccan allura mai tawaya. Ko maganin zai rage yawan masu buƙatar dashen hanta ko masu mutuwa, wannan sai gwajin ya kai watanni 54 da aka tsara masa, shi ya sa amincewar da aka yi masa ta sharaɗi ce. A 2025 an amince da semaglutide a kan irin wannan sharaɗi. A ganina, duk wanda ke tallata waɗannan magunguna a matsayin waraka ya wuce gona da iri, musamman tunda an daɗe da sanin cewa rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana gyara hantar sosai.

Gwajin da ya fi tayar da ƙura a 'yan shekarun nan ya shafi babban hanji ne. Yawancin sankarar wannan wuri tana farawa ne daga ɗan tsiro da ke ɗaukar shekaru kafin ya rikiɗe, kolonoskofi kuma, wato leƙa babban hanji da bututu mai ɗauke da hoto, tana iya gano shi a cire shi nan take. Hankali ya yarda da wannan, amma sai a 2022 aka buga babban gwajin ƙuri'a a kai, wanda ake kira NordICC, a kan mutum sama da 84,000 masu shekara 55 zuwa 64 a Folan, Norwe da Suwidin. Bayan shekara goma, kashi 0.98 cikin ɗari na waɗanda aka gayyata zuwa awon sun kamu da sankarar, a ɗaya rukunin kuma kashi 1.20, a yawan mutuwa kuwa ba a sami bambancin da za a kafa hujja da shi ba. Wasu suka yi saurin cewa awon ba shi da amfani. Amma kashi 42 cikin ɗari ne kawai na waɗanda aka gayyata suka je, da aka yi lissafi a kan cewa kowa ya je sai raguwar kamuwa ta kai kusan kashi 31, ta mutuwa kuma kusan rabi. Lissafi na farko yana amsa tambayar gwamnati, wato me za a samu idan aka aika wa jama'a gayyata. Na biyu ya fi kusa da tambayar mutum ɗaya, sai dai ya fi rauni, domin masu amsa gayyata sun bambanta da masu ƙi ta hanyoyin da ƙuri'a ba ta daidaita ba.

Ba kowane bincike mai amfani ne ke kawo sabon magani ba. A 2013 likitoci a Basalona ta Sifaniya suka buga gwaji a kan mutum 921 masu zubar jini daga saman hanyar abinci. An riƙa yi wa rukuni ɗaya ƙarin jini da zarar ma'aunin jininsu ya sauka ƙasa da 9, ɗaya kuma sai ya sauka ƙasa da 7. Waɗanda aka yi wa ƙarin da taka-tsantsan su suka fi rayuwa, kashi 95 cikin ɗari bayan makonni shida idan aka kwatanta da 91, musamman masu motsewar hanta, domin cika jijiyoyi da jini yana ƙara matsi a jijiyar da ta fashe. Ba a sa masu zubar jini mai tsananin gaske ko masu sabon ciwon zuciya a gwajin ba, don haka hukuncin bai hau kansu ba. A shekarar ce kuma wani ƙaramin gwaji a Amsterdam ya nuna cewa zuba ƙwayoyin bakteriya na hanjin lafiyayyen mutum a hanjin mai gudawar Clostridioides difficile mai yawan dawowa ya warkar da 13 cikin 16 a karon farko, alhali vancomycin, maganin da aka saba bayarwa, ya warkar da 4 cikin 13. Wannan sakamako na cuta ɗaya ne tak, duk da yadda masu sayar da kayan "gyaran hanji" suke jingina da shi.

Ciwon hanta nau'in B shi ne ya fi kowanne nauyi, shi ne kuma ya fi nuna iyakar abin da aka cim ma. Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayar a jini a tsakiyar shekarun 1960. Wani bincike da aka buga a 1981 a kan ma'aikatan gwamnati sama da 22,000 a Taiwan ya nuna cewa masu ɗauke da ita sun ninka sauran fiye da sau 100 wajen haɗarin sankarar hanta. Taiwan ta fara yi wa jarirai riga-kafi a 1984, zuwa 1997 kuma aka ba da rahoton cewa sankarar hanta a yara ta ragu da kusan rabi. A Gambiya an fara wani gwaji a 1986 a kan jarirai kusan 125,000, inda aka riƙa shigar da allurar yanki bayan yanki cikin shekara huɗu, da niyyar bin su har su manyanta. Dalilin gaggawar yin allurar cikin awa 24 da haihuwa shi ne kusan kashi 90 cikin ɗari na jariran da suka kamu suna zama da ƙwayar har abada, alhali a manya bai kai kashi 5 ba.

Magani kuwa danne ƙwayar yake yi. Tenofovir da entecavir suna hana ta hayayyafa, suna rage tabo da haɗarin sankara, amma ƙwayar tana ajiye kwafin kanta a cikin cibiyar ƙwayoyin hanta inda maganin ba ya kaiwa, shi ya sa yawanci sha ne na tsawon rai, dainawa ba tare da sanin likita ba kuma tana iya tayar da kumburi mai kisa. Neman maganin wannan cuta ya taɓa cin rayuka. A 1993, a gwajin fialuridine a Amurka, cikin mutum 15 biyar suka mutu, biyu kuma dashen hanta ne ya cece su, saboda gubar da gwajin dabbobi bai nuna ba kuma ba ta bayyana sai bayan makonni. Irin wannan ne ya sa ake fara gwada magani a kan mutane kaɗan kafin a faɗaɗa, ake kuma naɗa kwamiti mai zaman kansa da ke da ikon dakatar da gwaji.

Tunda ba kowane mai ɗauke da ƙwayar ne ke buƙatar magani nan take ba, tambayar wanda za a ba maganin ta zama babba, a nan ne kuma batun waɗanda aka yi binciken a kansu ya fito fili. Yawancin ma'aunan da ake amfani da su an samo su ne daga marasa lafiya a Turai, Amurka da gabashin Asiya, alhali kashi 63 cikin ɗari na sababbin kamuwa a Afirka suke faruwa, inda nau'o'in ƙwayar suka bambanta, ga kuma gubar aflatoxin ta hatsi da gyaɗa masu rima da ke ƙara haɗarin sankara. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ta ce a ɗauki APRI da ya haura 2 a matsayin alamar motsewar hanta. Da masu bincike suka tattara bayanan dubban marasa lafiya daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka buga a 2023, sai aka ga wannan iyaka ba ta kama ko kashi 20 cikin ɗari na masu motsewar, wato an riƙa sallamar mafi yawan waɗanda suka fi buƙatar magani a kan cewa lokacinsu bai yi ba. A ƙa'idar 2024 an sauke iyakar zuwa 1 ga motsewa, an kuma ce wanda ya haura 0.5 ya cancanci fara magani, haka ma wanda yawan ƙwayar a jininsa ya wuce 2,000 tare da hauhawar ALT.

Binciken PROLIFICA a Gambiya ya gwada wani abu daban, wato bin mutane har unguwanninsu da gwajin ɗigon jini. Ya sami kusan kashi 9 cikin ɗari suna ɗauke da ƙwayar, ƙasa da kashi 5 na waɗannan kuma suka cancanci magani bisa ma'aunin wancan lokaci, yawancinsu kuma suka je asibiti da aka tura su. Daga bayanan ƙasar ne aka samar da lissafin TREAT-B, wanda ke amfani da gwajin jini biyu masu sauƙi a inda babu na'urar ƙirga ƙwayar. Irin wannan aiki ba ya jan hankalin kamfanonin magani, tunda tenofovir ya riga ya yi arha, amma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna inda giɓin yake. A 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, kashi 13 cikin ɗari ne kawai aka gano, kashi 3 kuma ke shan magani, sannan a yankin Afirka kashi 18 cikin ɗari na jarirai ne ke samun allurar ranar haihuwa.